NAZARI: Wa zai riƙe wuƙar, a wane asibiti, wa zai biya? Tambayoyi uku da majinyaci ke shiga ɗakin tiyata ba tare da amsarsu ba

Galibi da dare abin ke faruwa. Ciwon cikin da aka kwana biyu ana yi masa jiƙo da ƙwayoyin kemis ya ƙi lafawa, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa. A ɗauki marar lafiya a adaidaita sahu zuwa asibiti mafi kusa, wani mai farar riga ya danna cikin, ya ce sai an yi aiki kafin gari ya waye. Nan take a miƙo takarda a sa hannu, a faɗi kuɗin da za a ajiye, dangi su duƙufa buga waya ana haɗa abin da ya samu.

A wannan sa'a akwai tambayoyi uku da rayuwar majinyaci ta rataya a kansu. Mutumin da zai buɗe cikin nan, mene ne matsayinsa a aikin likita? Asibitin da za a yi aikin, yana da izini da kayan da irin wannan aiki ke bukata, kuma likitan da aka rubuta sunansa a allon ƙofa shi ne zai shiga ɗakin? Sannan katin inshorar lafiyar da ake cire wa mutum kuɗi duk wata dominsa, zai yi amfani a daren nan?

Dokokin Najeriya sun tanadi amsa ga kowace daga cikin tambayoyin. Matsalar ita ce kowace amsa tana ajiye a wata hukuma daban, ɗaya a Abuja, ɗaya a babban birnin jiha, ɗaya a ofishin kamfanin inshora, kuma babu wadda aka tsara ta domin ta isa kunnen mutumin da ke tsaye a bakin gado.

Doguwar hanyar zama likitan tiyata

A ƙasar Hausa ta da, mai riƙe aska sananne ne. An san wanzami, an san gidansu, an san wanda ya koya masa, kuma akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara idan ya yi ɓarna. Shaidarsa tana bakin jama'a. Likitan zamani kuwa shaidarsa tana cikin takardu, kuma takardun matakai ne da ba kowa ya san bambancinsu ba.

Matakin farko shi ne digirin MBBS, wanda ke ɗaukar shekara shida a jami'a. Daga nan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, wadda tushen dokarta ya faro tun 1963, za ta ba shi rajistar wucin gadi. Sai ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci a asibitin da hukumar ta amince da shi kafin ya sami cikakkiyar rajista. Bayan haka wajibi ne ya riƙa sabunta lasisinsa duk shekara. Wanda ya kai nan likita ne na gaskiya, amma bai zama ƙwararren likitan tiyata ba.

Domin kaiwa ga wannan matsayi sai ya sake shiga wani horon a asibitin koyarwa ko wata cibiyar da aka tantance, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Maiduguri. Horon kan ci shekara biyar zuwa shida, sau da yawa ma fiye, da jarrabawa hawa uku. Cibiyoyi biyu ne ke ba da shaidar kammalawa: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, mai ba da FMCS, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, mai ba da FWACS. Waɗannan haruffa ne ke nuna cewa mutum ya kai matsayin da za a iya naɗa shi babban likita mai cin gashin kansa a fannin.

Likitan tiyata na gama-gari shi ne wanda aikinsa ya fi shafar talaka kai tsaye: afendis, ƙaba, ƙullewar hanji, hujewar hanji sanadiyyar taifod, maƙoƙo, ƙari a mama, da raunin ciki bayan haɗarin mota ko harbi. Idan aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa samun waɗancan haruffa, da wuya a yi ƙasa da shekara 13. Amma a idon mai jinya, wanda ya yi shekara 13 da wanda ya yi bakwai da wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba, duk sunansu ɗaya: “Dakta”.

Likitan bogi, da wanda ba na bogi ba

Labarin likitocin bogi shi ya fi ɗaukar hankalin kafafen yaɗa labarai, kuma da dalili. A 2015 an gano wani mutum da ya shafe shekaru yana aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a matsayin likita da takardun wani abokinsa. A 2019 jami'an tsaron farin kaya sun kama wani a Jihar Adamawa wanda ya daɗe yana aiki, har da tiyata, a asibitin gwamnati ba tare da ya cancanta ba. Darasin da ke cikin waɗannan labarai biyu ya wuce batun masu laifin. Gwamnati ce ta ɗauke su aiki, ta biya su albashi, ba ta tantance takardunsu yadda ya kamata ba. Idan ma'aikatar da ke da ma'aikata da ofisoshi ta kasa gano gaskiya, ba adalci ba ne a ɗora wa manomin da ya kawo ɗansa da tsakar dare alhakin ganowa.

Sai dai likitan bogi ƙaramin ɓangare ne na lamarin. Babban ɓangaren ya fi wuyar magana, domin babu mai laifi bayyananne a cikinsa. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi da dama, musamman a Arewa, wanda ke yin tiyatar haihuwa da ta ƙaba da ta afendis likita ne mai MBBS kaɗai, wani lokaci ma matashin da bai daɗe da gama yi wa ƙasa hidima ba. Bai karya doka ba. Ka'idar aikin ta bukace shi da ya san iyakar iyawarsa, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa zuwa gaba, amma ta bar masa hukuncin inda iyakar take. Kuma idan asibitin da za a tura majinyaci yana da nisan tafiyar awa huɗu a kan hanyar da ba a bi bayan magariba, turawar kanta na iya zama ajali.

Rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki. A 2015 wani kwamitin ƙwararru na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan biyar a duniya ba sa iya samun tiyata mai aminci da rahusa a lokacin da suke bukata. Ya ba da shawarar kowace ƙasa ta sami aƙalla ƙwararru 20, tsakanin likitocin tiyata da na haihuwa da masu sa majinyaci barci, ga kowane mutum 100,000. Lissafin da Najeriya ta yi wa kanta a shirinta na bunƙasa tiyata na 2019 zuwa 2023 ya nuna ba ta kai biyu ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja da wasu 'yan manyan birane.

Da waɗannan alƙaluma, duk wanda ya ce a haramta wa kowa tiyata sai mai FWACS ko FMCS, a zahiri yana cewa ne a rufe ɗakunan tiyata na mafi yawan karkara. Wasu ƙasashe sun fuskanci wannan gaskiya ido da ido. Jamhuriyar Nijar ta ɓullo da tsarin bai wa likitocin gama-gari horon tiyata na kimanin shekara guda, da jerin ayyukan da aka amince su yi a asibitocin gundumomi. Mozambik tun cikin shekarun 1980 take horar da jami'an lafiya na musamman domin tiyatar gaggawa. A can an rubuta wa mai wuƙa iyakarsa, an ba shi takardar da ta faɗi abin da ya koya. A Najeriya aikin na gudana kullum, amma ba shi da suna a takarda, don haka ba shi da ma'auni.

Suna a allo, likita a wani gari

Tambaya ta biyu ta shafi wurin aiki. Lasisin likita na tarayya ne, rajistar asibitin kuɗi kuwa aikin jiha ne. A Kano hukumar PHIMA ce ke da alhakin, a Legas HEFAMAA, a wasu jihohin kuma wani sashe ne na ma'aikatar lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara da cewa kowace cibiyar lafiya sai ta mallaki takardar shaidar cika ƙa'ida kafin ta yi aiki.

A tsakanin waɗannan hukumomi ne ɓaraka take. Sananniyar dabara ce a harkar cewa mai kuɗi ko wani ma'aikacin lafiya da ba likita ba ya buɗe asibiti, ya nemi likita mai lasisi ya ara masa suna domin rajista, a riƙa biyansa wani abu a wata. A takarda asibitin yana ƙarƙashin kulawar likita. A zahiri likitan na iya yin watanni bai leƙa ba. Rahotannin rufe asibitocin kuɗi da hukumomin jihohi ke fitarwa lokaci zuwa lokaci sukan zo ne bayan wani ya mutu ko an kai ƙorafi, ma'ana bincike na bin bayan gawa.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Ƙwararrun da ake da su kaɗan ne, albashin gwamnati kuma hauhawar farashi ta cinye shi, don haka babban likita ɗaya kan iya kasancewa da alaƙa da asibitoci da yawa a gari guda. Ka'idar aikin likita ta taƙaita wa ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci irin aikin kuɗin da zai yi a waje, kuma a 2017 gwamnatin tarayya ta yi yunƙurin tsaurara batun, amma al'adar ta ci gaba. Majinyacin da ya gaji da jiran layin tiyata a asibitin gwamnati, ko yajin aiki ya rutsa da shi, yakan bi likitansa zuwa asibitin kuɗi. Can zai sami hannun ƙwararre, amma ba lallai ya sami abin da ke kewaye da hannun ba.

Wannan muhimmin batu ne da ake yawan mantawa da shi. Tiyata aikin gayya ce. Tana bukatar wanda ya iya sa barci da farkarwa, ma'aikatan jinya da suka san ɗakin, jinin da aka tantance, iskar oksijin, wutar da ba za ta ɗauke ba, da na'urar tsabtace kayan aiki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ya kamata a duba kafin aiki, lokacinsa da bayansa, ciki har da ƙirga almakashi da auduga kafin a ɗinke ciki. Haɗari mai yawa kuma yakan taso ne bayan an fito, a daren farko ko na biyu, lokacin da jini ya ɓalle ko ɗinki ya saki. Idan likitan da ya yi aikin ya riga ya koma wani asibiti, wa zai gane alamar, wa zai sake buɗewa? Saboda haka alaƙar likita da asibiti ba ado ba ce a kan katinsa. Ita ce ke faɗin wanda zai amsa kira da ƙarfe uku na dare.

Katin da ke aiki da rana

Tambaya ta uku ita ce ta kuɗi. Shirin inshorar lafiya na ƙasa an kafa shi da doka a 1999, ya fara aiki a 2005, kuma shekaru da dama bai wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni ba. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta mayar da inshorar wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin masu rauni. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Duk da haka, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda suka yi rajista sun ɗan haura miliyan 19 ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Ko ga mai kati, tiyata na da nata shinge. Tsarin ya kasu hawa-hawa. Asibitin matakin farko da mutum ya zaɓa ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Tiyata kuwa aikin mataki na biyu ce, wadda ake biya gwargwadon abin da aka yi, kuma kafin a yi ta sai an tura majinyaci a hukumance, kamfanin da ke kula da inshorar, wato HMO, ya ba da lambar izini. Asibiti na iya samun amincewar hukuma a matakin farko amma ba a fannin tiyata ba. Likita na iya karɓar katin a asibitin gwamnati da safe, da yamma a asibitin kuɗi ya ce sai tsaba.

Asibitoci na da hujjarsu. Sun daɗe suna kukan cewa farashin da aka ƙayyade ya tsufa, kamfanoni kuma suna jan ƙafa wajen biyan bashi, alhali zaren ɗinki da maganin sa barci da dizal duk sun bi dala. Hukumar NHIA ta amsa kukan da ƙarin kuɗi a 2024, ta sake wani babba a 2025, ta kuma umarci kamfanoni su riƙa ba da lambar izini cikin awa guda. Matakai ne masu ma'ana. Amma majinyacin da hanjinsa ya huje ba ya cikin masu iya kai ƙara idan awar ta zama shida. Abin da ya saba faruwa shi ne a ce wa dangi su biya tukuna, a mayar musu daga baya, ko a ce kayan aikin sun ƙare su je su sayo.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya haramta wa kowace cibiya ƙin karɓar mai bukatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Tarar a yau ba ta kai kuɗin tiyatar afendis ɗaya a asibitocin kuɗi da yawa ba. Kuma muddin asibiti ba shi da tabbacin wanda zai biya shi bayan ya yi aikin, dokar za ta ci gaba da zama a takarda.

Me ya sa wannan batu ne na siyasa

Masu yanke shawara a kan waɗannan hukumomi ba su cika kwanciya a gadajen da suke kula da su ba. Wanda ke da halin zuwa Landan ko Alƙahira ko Indiya ba ya bukatar sanin ko babban asibitin ƙaramar hukumarsa na da mai sa barci. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. A 2023, da majalisar wakilai ta waiwayi ficewar likitoci, ƙudurin da ya ja hankali shi ne na hana su cikakken lasisi sai sun yi shekara biyar a gida, wato a toshe ƙofa maimakon a gyara ɗaki.

A jihohi kuma gini ya fi farin jini. Sabon ɗakin tiyata ana iya ɗaukarsa hoto a yanka masa ƙyalle. Ɗaukar nauyin likita shekara shida har ya ƙware, ko biyan masu binciken asibitoci kuɗin mai, ba ya shiga allon talla. Shi ya sa ake samun ɗaki da fitila da gado, babu mai aiki.

Gyaran da ake bukata bai fi ƙarfin gwamnati ba. A Birtaniya kowa na iya shiga intanet ya duba sunan likita, ya ga ko yana da lasisi da fannin da ya ƙware. Kenya ma tana wallafa rajistar likitocinta da asibitocinta. Bayanan da Najeriya ke bukata suna hannun MDCN da hukumomin jihohi da NHIA. Abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri guda, kyauta, ta hanyar da mai ƙaramar waya zai aika saƙo ya sami amsa da harshen da yake ji. Jihohi na iya wajabta wa kowane asibiti ya liƙa a bakin ƙofa sunayen masu yin tiyata a cikinsa, matsayinsu, lasisinsu na bana, ayyukan da aka yarje masa, da katunan inshorar da yake karɓa. Kwalejojin biyu tare da gwamnatoci na iya samar da horo da takardar shaida ga likitocin karkara da ke yin tiyata a halin yanzu. Sakamakon shari'o'in kotun ladabtar da likitoci kuma ya kamata ya zama abin da jama'a ke gani a sauƙaƙe.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun iyali, musamman idan aikin ba na gaggawa ba ne. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tabbatar wa marar lafiya haƙƙin samun bayani da harshen da yake fahimta da kuma sanin kuɗin da za a caje shi. Tambayar likita sunansa da matsayinsa, wa zai sa barci, ko akwai jini a ajiye, wa zai kwana a asibitin bayan aiki, da ko an karɓo lambar izini, ba rashin kunya ba ne. Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya, domin shi ma likitan bogi ɓata masa suna yake yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalin da suka san asibitin da katinsu ke aiki a cikinsa, suka san ko yana da likitan tiyata, tun kowa na lafiya, sun rage wa kansu rabin tashin hankalin wancan dare. Sauran rabin yana hannun waɗanda za su dawo neman ƙuri'a, kuma tambayar da ta dace da su mai sauƙin ƙirgawa ce: ƙwararrun likitocin tiyata nawa jihar ke biya albashi, kuma nawa ne daga cikinsu ke aiki a wajen babban birni?